Wikalar Guri ta Alƙahira: Kasuwa Mai Ƙofa Ɗaya da Gidajen Haya a Samanta

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Azhar, shekarata biyu ke nan a Alƙahira. A hanyata ta zuwa masallaci nakan wuce wani tsohon gini mai hawa biyar da tagogin katako, ana kiransa Wikalar Guri. Na taɓa shiga sau ɗaya, na tarar da fili a tsakiya da ɗakuna kewaye da shi. Wani abokina ya ce fadar sarki ce, wani ya ce makaranta ce, amma mai gadin wurin ya ce mini kasuwa ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya za a yi kasuwa da ƙofa ɗaya, a kuma ɗora mata ɗakunan kwana? Wa ya gina ta, kuma don me? Mu kuma a ƙasar Hausa, da muke taƙama da fatauci, me ya sa ba mu da irinta?" (Wani ɗalibi ɗan Gusau)

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Mai gadi ya fi abokanka gaskiya, ko da yake wanda ya ce makaranta ce bai yi nisa da hanya ba, domin sarkin da ya gina wikalar ya gina makaranta da masallaci 'yan taku kaɗan daga wurin, a kan titin Mu'izz, daura da hubbaren da ya tanadar wa kansa. Fada kuwa ba a nan take ba, sarakunan wancan zamani a Ƙal'a suke zaune, wato sansanin sarauta mai ganuwa, can bisa tudu. Abin da ya rikita ka kalmar "kasuwa" ce, saboda Bahaushe idan ya ji ta, rumfuna yake hangowa da 'yan tebur da hanyoyi ta ko'ina, kowa ya shiga ta inda ya ga dama. Wikala ba irin wannan kasuwa ba ce. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: tarihin ginin, dalilin fasalinsa, da dalilin rashin irinsa a wajenmu. Zan fi daɗewa a kan fasalin, domin nan ne fagen aikina, kuma a ganina wanda ya gane dalilin da ya sa aka ɗora gidajen haya a kan ɗakunan ajiya ya gane sauran duka.

Wikala da wakili

Sunan kansa ya isa ya ba ka haske, tunda kalmar ta fito ne daga tushe ɗaya da "wakili" da muke faɗa kullum. Baƙon falke da ya iso Alƙahira da kaya bai san gari ba, bai san farashi ba, bai san wa ke biyan bashi da wa ke cinyewa ba, saboda haka yana bukatar wakili da zai karɓi kayansa, ya adana, ya nemo masu saye, ya tsaya a kan awo da ciniki. Gidan da ake wannan aiki shi ne wikala. A wasu wuraren za ka ji ana cewa "khan", kamar a Khan al-Khalili da ke tsallaken titi daga inda kake, a ƙasashen Magrib kuma "funduƙ", kalmar da Larabcin yau ya mayar da ita sunan otal. Bambancin da ke tsakaninsu ba shi da yawa. Cinikin da ake yi a ciki na sari ne, buhu-buhu da dila-dila, tsakanin fatake da manyan 'yan kasuwar gari, su kuma su kai wa masu sayar da ɗai-ɗai a shagunan bakin titi. Sau da yawa wikala takan shahara da kaya iri ɗaya har a laƙaba mata sunansa, a ce wikalar sabulu, ko ta auduga, ko ta mai.

Da ka san haka, ƙofa ɗaya ta daina zama abin mamaki. Mai sayar da tumatir yana son kowa ya ratsa ta gabansa, amma wanda ya ajiye barkonon Indiya na dubban dinari yana son ya san wa ya shiga, wa ya fita, da me ya fita. Ƙofa ɗaya mai gadi ɗaya take bukata, da dare a rufe ta a sa sakata, shi ke nan. Hukuma ma ta fi son haka, domin kayan da suka bi ta ƙofa ɗaya ba sa ɓuya wa mai karɓar haraji.

Sarkin da ya gina ta

Sultan Ƙansuh al-Guri ya hau mulki a 1501, yana da kimanin shekara sittin, ya kuma gina wannan wikala a 1504 zuwa 1505, wato 909 zuwa 910 na Hijira. Yana daga sarakunan Mamalik na ƙarshe, waɗanda suka riƙe Masar tun daga 1250, daga baya har da Sham da Hijaz. Su Mamalik asalinsu bayi ne da ake sayowa suna yara, a musuluntar da su, a horar da su aikin soja, a 'yanta su, wanda Allah ya ɗaga ya zama amir, har ya kai ga gadon sarauta. Hasumiyar nan mai kai biyu da kake gani kullum a masallacin Azhar aikin Guri ce, kuma shi ne ya rushe tsohon Khan al-Khalili ya sake gina shi a 1511. Mutum ne mai son gini, kuma mai tsananin tatsar talakawa da ƙwace dukiyar manya, har masu tarihin Masar suka ruwaito cewa masu barkwanci na zamaninsa sun riƙa kiran masallacinsa "masjidul haram", suna nufin wanda aka gina da haramun.

Lokacin da ya yi ginin ma abin dubawa ne. Arzikin Mamalik ya dogara ƙwarai a kan kayan yaji da ke tasowa daga Indiya, su bi ta Bahar Maliya zuwa Jidda, su ratsa Alƙahira, su gangara kogin Nilu zuwa Iskandariyya, inda 'yan kasuwar Fenis ta Italiya, wadda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, suke jira da zinariya. A 1498 Vasco da Gama ya kewaye Afirka ta kudu ya isa Indiya, Turawan Fotugal kuma suka fara tare jiragen Musulmi a teku. Guri bai zauna ya zuba ido ba: ya tura rundunar jiragen ruwa ƙarƙashin Amir Husaini al-Kurdi, wanda ya yi wa Jidda ganuwa, ya ci nasara a kan Fotugal a Chaul a 1508, sannan aka karya shi a Diu a 1509, duka a gaɓar Indiya. Wato ana ɗora duwatsun wannan wikala ne a daidai lokacin da ake haƙa wa cinikin da ya ɗaukaka Alƙahira rami. Amma ba Fotugal ce ta ga bayan Guri ba. A watan Agusta na 1516 ya gamu da Sultan Salim na Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Marj Dabiƙ, arewa da Halab ta ƙasar Sham, aka karya rundunarsa, ya mutu a fagen fama, ba a kuma ga gawarsa ba. Hubbaren da ya kashe wa dukiya bai kwanta a cikinsa ba. A 1517 Turkawa suka shiga Alƙahira.

Me ya kai sarki ga gina gidan sari?

Amsar ita ce wakafi. Masallaci da makaranta da wurin shayar da ruwa ba sa kawo ko sisi, ci suke yi kullum: albashin liman da ladan da malamai, abincin ɗalibai, man fitila, tabarmi, kuɗin masu ɗebo ruwa daga Nilu, da gyaran abin da ya lalace. Duk mai hankalin da ya gina irin waɗannan sai ya haɗa musu da abin da zai ciyar da su bayan ransa, wato gonaki da shaguna da gidajen wanka da wikaloli, a rubuta su a takardar wakafi gaban alƙalai, a fayyace inda kowane dirhami zai tafi. Ga Mamalik akwai ƙarin dalili. Ƙasar da ake ba amir ya ci harajinta ba ta gado ba ce, tana komawa hannun hukuma idan ya mutu ko ya faɗi, dukiyarsa kuma sabon sarki na iya ƙwacewa. Abin da aka yi wakafinsa ya fi wuyar taɓawa, kuma mai wakafi yana iya sharɗanta cewa rarar da ta saura bayan an biya hidimomi ta tafi ga zuriyarsa. Neman lada da tanadin iyali suka haɗu a takarda ɗaya.

Saboda haka idan ka tsaya a tsakar wikalar, ka dube ta da idon mai karɓar haya, domin da wannan idon aka tsara ta. Fili a tsakiyar Alƙahira, tsakanin Azhar da titin Mu'izz, ya fi ko'ina tsada, kuma wanda ya same shi ba zai yarda ya ci haya sau ɗaya ba alhali yana iya ci sau biyu. Ƙasa ya ba fatake, sama ya ba mazauna gari.

Fasalin ginin daga ƙofa zuwa rufi

Ƙofar tana da tsayi fiye da bukatar mutum, domin an yi ta ne don dabba mai ɗauke da kaya, kuma an ƙawata samanta da baka mai lanƙwasa uku da sassaƙen dutse mai kama da saƙar zuma, wanda ake kira muƙarnas. Kusan duk adon waje a nan aka tara shi, yadda attajirin Kano kan zuba zane a fuskar zaurensa ya bar sauran katanga haka nan. Ka lura kuma da cewa mashigar a miƙe take, daga titi kana hango tsakar gida. Gidan zama na Alƙahira ba haka yake ba, mashigarsa karkacewa take yi don kada na waje ya ga iyali, kamar yadda ƙofar zaure da ta shigifa ba sa kallon juna a wajenmu. Raƙumi mai kaya ba ya son kwana, wikala kuma ba ta da abin ɓoyewa a tsakar gidanta.

Tsakar gidan doguwa ce mai kusurwa huɗu, a buɗe take ga sama. Nan ake sauke kaya, a kwance, a duba, a auna, a yi ciniki. Ita ce kuma ke ba ɗakunan haske da iska, tunda gini a cunkoson gari ba ya samun taga ta ɓangaren maƙwabta. Kewaye da ita akwai dogayen bakuna na dutse a kan ginshiƙai masu kauri, an jera duwatsunsu launi biyu, ja-ja da fari-fari. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi a shigar farko shi ne, kowane baka ɗaya ya haɗiye hawa biyu. A ƙasa akwai ɗakunan ajiya, a tsakiyar tsayin bakan kuma akwai baranda mai dogarin katako wadda ta zagaye filin, bayanta wani jerin ɗakuna. Takardar wakafin ta ƙidaya ɗakunan ajiya 55 a waɗannan hawa biyu. Wannan dabara ce mai kyau: da an yi gajerun bakuna jeri biyu, da hawan ƙasa ya yi duhu kuma ginin ya yi kama da akurki, amma dogon baka ɗaya ya ba da inuwa, ya bar haske ya shiga, ya kuma nuna wa mai kallo inda kasuwa ta ƙare.

Na taɓa shafe kwana uku a wurin da littafin zane da tef na awo, kuma ɗakin ajiya na ƙasa shi ya fi tsaya mini a rai, duk da cewa babu wani ado a cikinsa. Ƙunci gare shi, zurfinsa ya fi faɗinsa, rufinsa na dutse ne a lanƙwashe, ƙofarsa ɗaya tana kallon tsakar gida. Na shiga da tsakar rana ina gumi, na dafa bango na ji shi da sanyi kamar gefen randa. Ƙuncin nan lissafi ne, domin yawan ƙofofin da suka samu fuska a tsakar gida shi ne yawan masu biyan haya. Rufin dutsen kuma yana aiki biyu, yana ɗaukar nauyin abin da ke sama, yana kuma tsare wuta: idan gobara ta tashi a ɗaki ɗaya, ba ta samun katakon da za ta bi ta tsallaka na kusa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa washegarin gobara, ya ga yadda wuta ta bi silin da rufin kwano ta lashe layi guda, ya san darajar wannan.

Daga hawa na uku zuwa na biyar an bar dutse an koma jan bulo, saboda ya fi sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Wannan sashe shi ake kira rab'u, wato gidajen haya, kuma guda 29 ne. Nan ne hikimar ginin take. Ba a raba su hawa-hawa yadda muke yi a yau ba, a ce wannan iyali na hawa na uku, wancan na hawa na huɗu. A tsaye aka yanka su, kamar yankan alkaki: kowane gida siriri ne, ya tashi daga hawa na uku ya ƙare a na biyar, da matakalarsa a cikinsa. A ƙasa ake samun ɗakin zama da makewayi da wurin ajiye tulunan ruwa, a sama wurin kwana. Amfanin hakan shi ne hanya ɗaya ta isa ta kai kowa ƙofarsa, ba a ɓarnatar da fili wajen yin baranda a kowane hawa ba, babu maƙwabcin da ke taka kan wani, kuma bangon kowane gida yana zaune daidai kan bangon ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashinsa, nauyi ya gangara kai tsaye har harsashi. Bisa al'adar irin waɗannan gine-gine, mazauna sama suna da mashigarsu dabam daga titi, ba sa ratsa tsakar 'yan kasuwa. Saboda haka ƙofa ɗaya da ka gani ta kaya ce. Masu zama a rab'u kuwa galibi matsakaitan mutanen gari ne, masu sana'a da masu shaguna da baƙin da zamansu ya yi tsawo, waɗanda ba su da ƙarfin mallakar gida a tsakiyar birni.

Tagogin katakon da suka ja hankalinka su ne mashrabiyya, kuma a hawa na ƙarshe suke, sun turo kai waje kamar akwatuna. Ana danganta sunan da sha, saboda a irinsu ake ajiye tulun ruwa iska ta bi ta kansa ya yi sanyi. An yi su da ƙananan guntayen katako da aka gurza aka sarƙa su cikin juna. Masar ba ta da wadatar itacen gini, saboda haka guntun da wani zai jefa a murhu shi masassaƙin Alƙahira ya mayar abin ado, kuma da yake guntayen suna da ɗan wurin motsi, zafi da sanyi ba sa tsaga su yadda suke tsaga faffaɗan allo. Suna rage ƙarfin rana, suna barin iska ta wuce, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganinsa. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa zaman iyali a saman kasuwa ya yiwu. Idan ka je Umra ka shiga tsohon garin Jidda, za ka ga 'yan'uwansu da ake kira rawashin.

Me ya sa babu irinta a ƙasar Hausa?

Ba don rashin sanin juna ba ne. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, shekarar da aka kammala wikalar, ya rubuta wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, kuma Askiya Muhammadu na Songhai ya gana da shi a tafiyarsa ta Hajji wajen 1497. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kurmi da Wikalar Guri kusan sa'o'in juna ne, kuma alhazanmu da suka bi ta Masar sun ga irin waɗannan gine-gine da idonsu.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce kayan gini: su suna da dutsen da ake fasowa daga tsaunin Muƙaɗɗam, mu kuma tubali da azara gare mu, azara kuwa ba ta son tazarar da ta wuce kusan mita biyu sai an tallafe ta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ban gamsu da ita ba. Maginan da suka ɗaura bakan gizo a Masallacin Juma'a na Zariya, da waɗanda suka tayar da hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27, ba za a ce jeren ɗakunan ajiya ya gagare su ba, kuma a Shibam ta Yaman da ƙasa zalla aka yi gidaje masu hawa biyar zuwa sama. Da bukata ta matsa, da an yi.

Dalilan da na fi yarda da su biyu ne. Na farko fili. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 30,000, kuma babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Ayarin raƙuma yana da inda zai sauka a wajen gari, kamar Fagge, ko unguwannin da har yau ake kira Zango a Damagaram da sauran garuruwa. Wanda ke da filin da zai faɗaɗa ba ya wahalar da kansa da hawa biyar. Na biyu, kuma shi ne mai nauyi, aikin da wikala ke yi mu mutum muka ɗora wa, ba gini ba. Fatoma, ko mai masauki, shi ne wikalarmu. Falke ya sauka a gidansa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, a fitar da la'ada idan ciniki ya faɗa. A kan wannan tsari cinikin goro tsakanin Kano da Gwanja ya gudana, kuma shi ne ya kafa zangunan Hausawa a Salaga da Kumasi. Amanar tana wuyan maigida da sunansa, ginin kuwa gidansa ne na zama da aka ƙara wa ɗakunan baƙi kusa da zaure. Idan ya rasu gidan ya shiga gado, a raba, a yanka, a sayar. Wakafin kadara mai kawo haya, irin wanda ke riƙe gini ɗaruruwan shekaru a hannun da ba ya mutuwa, bai yi ƙarfi a wajenmu yadda ya yi a Masar da Sham ba. Hukuncin wakafi da sharuɗɗansa dai fagen malamanka ne na Azhar, ni magini ne, abin da na iya gani shi ne sawunsa a jikin gini.

Mafi kusa da wikala a wajenmu ya zo ne daga baya. Kantin Kwari ta faro a zamanin Turawa a matsayin unguwar Kwarori, kanti a ƙasa, iyali a sama, kuma har yau da "gida" ake lissafin kasuwar, a ce gidan wane, shaguna a ƙasa, sito a sama, cinikin kuma na sari. Bukata iri ɗaya ce ta haifar da fasali mai kama da juna da zarar fili ya yi tsada. Abin da ya ɓace a yawancin sababbin filazojinmu shi ne tsakar gida. An cinye ta da shaguna, an bar lungu wanda mutum biyu ba sa iya giftawa da kaya, ba iska, ba haske sai na janareta. Guri, duk da kwaɗayinsa, ya bar fili mafi girma a tsakiyar gininsa babu haya a kansa, domin ya san shi ne ke ba sauran ɗakunan daraja.

Yadda ta kawo yau

Alƙahira ta taɓa samun irin waɗannan gine-gine ɗaruruwa a zamanin Turkawa, amma kaɗan ne suka rage da kamanninsu. Da ayari ya daina zuwa, jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi suka karɓe kaya, manyan 'yan kasuwa suka koma sabon gari, sai wikaloli suka zama maƙeru da matattarar talakawa, haya ta faɗi, kuɗin gyara ya ƙare. Ta Guri ta tsira saboda ta shiga hannun hukumomin adana kayan tarihi, waɗanda aikinsu ya faro da kwamitin da aka kafa a 1881, sannan daga ƙarshen shekarun 1950 aka ba masu zane da masu sana'ar hannu ɗakunanta, aka kuma yi mata babban gyara a farkon shekarun 2000. An daɗe ana wasan tannura a tsakar gidanta da dare, masu juyi da faffaɗan bujen nan mai launi-launi. Ko mutum yana sha'awar wasan ko ba ya yi, ni dai a matsayina na mai aikin gyaran tsofaffin gine-gine na san ɗakin da ake buɗewa kullum ana sharewa shi ake ganin tsagarsa da wuri.

Babban maƙiyin gine-ginen wannan yanki ba girgizar ƙasa ba ce, duk da ɓarnar da ta Oktoban 1992 ta yi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, wanda yoyon famfo da na magudanai suka ɗaga. Dutsen farar ƙasa yana tsotsarsa kamar lagwani, ruwan ya hau bango ya bushe, ya bar gishiri a cikin ƙofofin dutsen, gishirin ya kumbura ya mayar da fuskar dutse gari. Idan ka bi lungunan bayan Azhar ka dubi gindin tsofaffin bangaye, za ka ga wani layi mai duhu daga gwiwa zuwa ƙugu, da farin ƙura a samansa, ka shafa ka ji yana zuba a yatsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafe wurin da siminti. Na gamu da irinsa a gidan wani tsohon attajiri a cikin birni a nan gida, inda magada suka yi wa katangar ƙasa filasta da siminti da kyakkyawar niyya. Bayan 'yan damuna muka ƙwanƙwasa muka ji kamar ganga, muka ɓalle ɓawon muka tarar tubalin ciki ya zama taɓo, domin danshin da ya saba fita ta fuskar bango an toshe masa hanya. Dutsen Alƙahira da tubalin Kano ciwonsu ɗaya a nan. Sai dai ka ɗauki abin da na faɗa a kan lafiyar wikalar a matsayin na mai ziyara da ya duba da ido ya auna da tef, hukunci a kan ƙarfin harsashinta na injiniyoyin da ke kula da ita ne.

Idan za ka koma, ka je da safe kafin baƙi su taru. Ka tsaya a tsakiyar fili ka zaɓi baka ɗaya, ka bi shi da ido daga ƙofar ɗakin ajiya, zuwa baranda, zuwa tagogin da ke samansa, har mashrabiyya, za ka ga yadda aka jera komai a kan layi ɗaya a tsaye. Daga nan ka bi titin Mu'izz ka yi arewa har Babun Nasr, inda wikalar Sultan Ƙayitbai take, wadda aka gina a 1481, fiye da shekara ashirin kafin ta Guri. Ita tana da shaguna a fuskarta ta titi, kuma ta sha wuya fiye da wannan, domin mutane sun ci gaba da zama a cikinta har zuwa zamaninmu. Ƙayitbai ya gina ta ne bayan ya dawo daga Hajji ya ga halin da talakawan Madina ke ciki, ya yi wakafin hayarta don a riƙa saya musu hatsi. An sassaƙa bayanin haka a jikin dutse a saman ƙofarta, kuma tunda Larabci ba ya ba ka wuya, ka ɗaga kai ka karanta da kanka.